Lambun Bebaye: Kwana Biyu a Gidajen Tarihin Lorca

Ba domin Lorca na je Granada ba. Kamar duk wanda ya taɓa zama gaban malamin tarihi ya ji labarin Andalus, fadar Alhambra ce ta ja ni zuwa birnin da littattafan Larabci suke kira Garnaɗa, kuma da na yi hankalin yankar tikiti tun kafin in taso, da ranar da na sauka na shiga fadar, na ɗauki hotunan da kowa yake ɗauka, na kama gabana. Sakacina ne ya sa ban sami gurbi ba sai a rana ta uku. Kwana biyun da suka faɗo mini a hannu na ƙarar da su a gidaje biyu na Federico García Lorca waɗanda aka mayar gidajen tarihi, ɗaya a gefen birnin, ɗaya kuma a ƙauyen da aka haife shi. Yanzu da na dawo gida gajiya ta sake ni, na tarar abin da na gani a waɗannan ƙananan gidaje ya fi zauna mini a rai a kan abin da na gani a fadar sarakunan Banu Nasr.

Abin da na sani game da mutumin kafin wannan tafiya bai wuce cikin cokali ba: marubucin waƙoƙi ne na ƙasar Sifaniya, an haife shi a 1898, an harbe shi a farkon yaƙin basasar ƙasar a 1936 yana da shekara 38. Na karanta wasu waƙoƙinsa a fassara lokacin da nake jami'a, na ji daɗinsu irin jin daɗin da mutum yake yi wa ƙamshin miyar maƙwabta. A tunanina mutumin alƙalami da takarda ne, wanda ya ɗan taɓa wasan kwaikwayo a gefe.

Gidan farko ana kiransa Huerta de San Vicente. Kalmar huerta daidai take da lambu a wurinmu, wato gonar ban ruwa mai kayan miya da itatuwan marmari. Mahaifinsa, wanda babban manomi ne mai hali, ya sayi wurin a 1925 ya sa masa sunan da ya dace da na matarsa Vicenta. Kafin nan sunansa Huerta de los Mudos, wato Lambun Bebaye, sunan da na ji a bakin mai yi mana jagora ban ba shi wani muhimmanci ba sai washegari. A nan iyalin suke zama duk lokacin zafi daga 1926 zuwa 1936. A wancan zamani gonaki ne suka kewaye gidan, amma yanzu birni ya cim masa, abin da ya rage na gonakin kuwa an mayar da shi wurin shan iska mai ɗauke da sunan mawaƙin. An buɗe gidan ga jama'a a 1995, kuma rukuni-rukuni ake shiga, mutum kaɗan a lokaci guda, saboda ɗakunan ba su da faɗi. A ƙasa akwai piyanonsa da garmaho da teburin cin abinci. A sama akwai ɗakinsa, da gado na mutum ɗaya, da wani faffaɗan tebur na katako kusa da ƙofar baranda. Abin da ya tsayar da ni shi ne abin da aka rataye a bangon da ke saman teburin, daidai inda idon marubuci zai sauka idan ya ɗaga kai daga takarda. Na zaci zan ga hoton wani babban sha'iri na magabata, sai na ga fostar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai mai suna La Barraca, da tambarinta wanda mai zane Benjamín Palencia ya yi: ƙafar keken doki da fuskokin wasa guda biyu a kanta. A wannan ɗaki ne ya rubuta wasansa Bodas de sangre, Auren Jini, a zafin 1932, yana ta maimaita faifai guda na kiɗan Bach a garmaho har mutanen gidan suka gundura.

Washegari na shiga bas zuwa Fuente Vaqueros, ƙauyen da bai kai nisan kilomita 20 daga Granada ba, a tsakiyar fadamar da ake kira Vega. Gidan da aka haife shi ranar 5 ga Yuni 1898 ƙarami ne, fari fat, da tsakar gida da rijiya, kuma tun 1986 yake gidan tarihi. Ɗakin sama, wanda a da shi ne rumbun hatsin gidan, shi aka mayar zauren baje koli, inda ake jera wasiƙu da hotuna da fostoci da takardun shirin wasanni a cikin akwatunan gilashi. A nan na fara ganin cewa dandamali ya riga littafi shiga rayuwar mutumin nan. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa yana yaro yakan tara barorin gida da 'yan uwansa, ya yafa wani ƙyalle, ya kwaikwayi limamin coci, bisa sharaɗi guda ɗaya: idan ya zo wurin wa'azi dole kowa ya yi kuka. Da wasu masu wasan 'yan tsana suka ratsa ƙauyen, sai ya bar limanci ya koma wa 'yan tsana. Duk wanda ya yi tashe yana yaro, ya manna gemun auduga ya kwaikwayi tsoho a ƙofar gidajen unguwa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan yaro.

Wasansa na farko da ya hau dandamalin ƙwararru faɗuwa ya yi warwas. A watan Maris na 1920 aka nuna El maleficio de la mariposa a gidan wasa na Eslava da ke Madrid, labarin wani kyankyaso mai tsara waƙa wanda ya kamu da son malam-buɗe-littafi mai karyayyen fiffike. 'Yan kallo suka yi ta ihu da buga ƙafa, wani ya ɗaga murya ya ce a kawo maganin ƙwari, aka naɗe tabarmar wasan bayan nuni huɗu. Wadda ta yi rawar malam-buɗe-littafin ita ce Encarnación López, wadda aka fi sani da La Argentinita. Wannan kunya ba ta kore shi ba. Ranar 6 ga Janairu 1923 ya shirya wa ƙanwarsa Isabel da ƙawayenta wasan 'yan tsana a falon gidansu na Granada, kuma wanda ya zauna a kan piyano domin kiɗan yara a wannan rana shi ne Manuel de Falla, wanda a lokacin babu mai tsara kiɗa da ya fi shi suna a Sifaniya. A 1927 kuma fitacciyar 'yar wasa Margarita Xirgu ta nuna Mariana Pineda a Barcelona, labarin matar Granada da aka kashe a 1831 saboda tutar 'yan adawa da aka samu a gidanta, abokinsa Salvador Dalí ne ya zana kayan dandamalin.

Na daɗe a gaban akwatunan nan ina tambayar kaina abin da mutumin da waƙa ta riga ta yi wa suna yake nema a wurin da aka taɓa yi masa ature. Amsar da na samu tana cikin shekarun da ke jikin littattafansa. Waƙoƙin Poema del cante jondo ya rubuta su a 1921, ba su fito ba sai 1931. Na Canciones sun yi shekaru a aljihun tebur kafin 1927. Na Romancero gitano kuwa mutane da yawa sun san su daga bakinsa tun kafin a buga littafin a 1928, domin duk inda ya zauna sai ya karanta, a ɗakunan ɗalibai da wuraren shan shayi da gidajen abokai. Mutum ne da yake nawar miƙa waƙa ga maɗaba'a, amma ba ya nawar miƙa ta ga kunne. Wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu, mu da kalma ɗaya ce, waƙa, take ɗauke da abin da aka rubuta da abin da aka rera, kuma mafi yawanmu mun ji Imfiraji ta Aliyu Namangi a bakin almajirai da makafi shekaru kafin mu gan ta a takarda. A wata hira da aka yi da shi a 1936 ya faɗi abin da ake yawan ɗaukowa daga bakinsa, cewa wasan kwaikwayo waƙa ce da ta tashi daga littafi ta zama mutum, kuma da ta zama mutum sai ta yi magana, ta yi ihu, ta yi kuka. A fahimtata dandamali ya ba shi abin da takarda ta hana shi, wato maƙogwaro da numfashi da jama'ar da za su amsa nan take, ko da amsar ta zama ta neman maganin ƙwari.

Nan ne La Barraca ta shigo. A watan Afrilu na 1931 sarki Alfonso na 13 ya bar ƙasar aka kafa jamhuriya, sabuwar gwamnati kuma ta ɗauki yaƙi da jahilci a ƙauyuka da gaske. Ta kafa ayarin da ake kira Misiones Pedagógicas, masu ɗaukar littattafai da garmaho da injin majigi zuwa ƙauyukan da wani lokaci sai a kan alfadari ake isa gare su. A gefen wannan shiri, ɗaliban jami'ar Madrid suka kafa ƙungiyar wasa mai yawo, ministan ilimi Fernando de los Ríos, wanda tsohon malamin Lorca ne a Granada, ya samar mata kuɗi, aka ba Lorca da Eduardo Ugarte ragamarta. Babu ɗalibin da ake biya. A lokacin hutu suke fita, mazan sanye da shuɗiyar rigar aiki irin ta makanikai, su loda katako da labule da fitilu a mota, idan sun isa gari su kafa dandamalin da hannunsu a dandalin kasuwa ko a gaban coci, su yi wasa, su kwance, su wuce gaba. Sun fara a Burgo de Osma a watan Yuli na 1932, kuma kafin 1936 sun nuna wasanni 13 a garuruwa sama da 70. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Lorca bai mayar da ƙungiyar kasuwar hajarsa ba. Kusan duk abin da suka nuna na magabata ne waɗanda suka rasu shekaru wajen 300 kafin lokacin, irin su Cervantes da Lope de Vega da Calderón da Tirso de Molina. Sai dai zaɓen ba na banza ba ne. Da suka ɗauki Fuenteovejuna, wasan Lope a kan ƙauyen da ya haɗa kai ya kashe azzalumin ubangidansa, sun cire ɓangaren da sarki da sarauniya suke fitowa su yanke hukunci, suka sa wa 'yan wasa tufafin manoman zamaninsu. Manomin da ke tsaye a dandali yana aiki a gonar wani ba ya buƙatar tafinta. Jaridun masu ra'ayin riƙau su ma ba su buƙaci tafinta ba, suka yi ta sukar ƙungiyar da ɓarnar kuɗin jama'a da cakuɗa samari da 'yan mata a mota ɗaya.

Ina kallon hotunan motarsu sai majigi ya faɗo mini a rai, motar da take zuwa garuruwanmu a zamanin Turawa da bayansa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i. Kamannin a fili yake, bambancin ma haka. Majigi yana zuwa da abin da hukuma take so talaka ya koya, na tsabta da noma da biyayya, La Barraca kuwa tana mayar wa mutane abin da aka rubuta da harshensu, wanda gidajen wasa na birni suka riƙe wa masu kuɗin tikiti. Duk da haka ba zan ce babu ɗan ƙamshin isa a cikin lamarin ba, tun da 'ya'yan masu hali ne daga babban birni suka yanke wa ƙauye abin da ya kamata ya gani. Abin da ya wanke su a idona shi ne sun ɗauki katakon da kafaɗarsu.

A wannan gida na ƙauye ake nuna wani gajeren fim, kuma shi ne abin da ya fi komai daraja a tafiyata. Wani ɗalibi daga cikin ƙungiyar, Gonzalo Menéndez-Pidal, yana da ƙaramar kyamara, ya ɗauki tafiye-tafiyensu. Hoton baƙi da fari ne, yana rawa, yana da tabo-tabo irin na tsohon fim. Ga ɗalibai suna sauke kaya, ga yaran ƙauye sun yi cirko-cirko, sai ga shi nan a cikin rigar aikinsa, mutum mai faɗin fuska da kaurin gira, yana murmushi yana motsi da sauri kamar yadda kowa yake yi a finafinan wancan zamani. Can kuma sai a gan shi a kan dandamali a wasan Calderón, inda ya fito a matsayin Inuwa, lulluɓe da baƙin mayafi tun daga kai har ƙasa, yana buɗe hannuwa a hankali. Duka bai wuce ɗan lokaci kaɗan ba. Na kalla sau uku, kuma a karo na biyu ne na lura cewa ina karkata kunne, alhali babu abin da zan ji. Fim ɗin bebe ne. Har yau ba a gano wani faifai ko wani ɗauki da ke ɗauke da muryar Lorca ba, duk da cewa ya yi magana a rediyo, musamman a Ajantina, kuma masu bincike sun daɗe suna nema. A nan tsohon sunan lambun jiya ya dawo mini.

Game da alaƙarsa da silima, ina ganin ana ɗan yi mata ƙarin gishiri, kuma gara a faɗe ta yadda take. Gaskiya ne a masaukin ɗalibai na Residencia de Estudiantes da ke Madrid, inda ya sauka a 1919, ya zauna tare da Luis Buñuel, wanda daga baya ya zama babban daraktan fim na Sifaniya, da kuma Dalí. Gaskiya ne yana son 'yan barkwancin finafinan Amurka marasa magana, har ya rubuta wani ɗan gajeren wasa a 1925 mai suna El paseo de Buster Keaton, inda ɗan wasan nan da fuskarsa ba ta dariya yake kashe 'ya'yansa da wuƙar katako ya hau keke ya tafi yawo. Amma da abokan nasa biyu suka tashi yin fim, ba da shi suka yi ba. Sun riga sun kushe Romancero gitano suna ganin tsohon yayi ne, sannan a 1929 suka fitar da Un chien andalou a Paris, wato Karen Andalus. An ruwaito cewa Lorca ya ɗauka shi ne karen, Buñuel kuma ya musanta. A wannan shekara Lorca ya tafi New York, ya ga faɗuwar kasuwar hannun jari da idonsa, ya rubuta wa iyayensa cewa fim mai magana ya shiga ransa kuma yana so ya gwada. Abin da ya rubuta a zahiri tsarin fim ne marar magana, Viaje a la luna, Tafiya zuwa Wata, jerin hotuna sama da 70 masu narkewa cikin juna kamar mafarki. Ya bar takardun a hannun wani mai zane ɗan Meziko, Emilio Amero, ba a yi fim ɗin ba, rubutun hannun ya ɓace daga idon duniya har 1989 da aka same shi a jihar Oklahoma a wurin matar Amero, sai a 1998 mai zane Frederic Amat ya mayar da shi fim. Wannan shi ne iyakar abin da ya rubuta domin kyamara.

Inda na ga silima ta shiga jininsa da gaske shi ne a wasansa na ƙarshe. Kafin shi ya riga ya yi suna da Bodas de sangre a 1933, wanda ya samo daga labarin jarida na wata amarya da ta gudu da ɗan uwanta a yankin Níjar a 1928, da kuma Yerma a 1934, labarin matar da rashin haihuwa ya ci ta har ta shaƙe mijinta. Dukansu cike suke da waƙa: masu wanki suna waƙa a bakin rafi, masu saran itace suna magana cikin baiti, wata ma yana saukowa dandamali ya yi magana. La casa de Bernarda Alba, wanda ya gama ranar 19 ga Yuni 1936, daban yake. A farkon rubutun ya sa gargaɗi cewa nufinsa waɗannan fitowa uku su zama kamar shaidar da aka ɗauka da kyamara, kuma wani abokinsa ya ruwaito cewa yana karanta musu wasan yana murna yana cewa babu ko ɗigon waƙa a ciki. Bernarda mace ce da mijinta ya rasu ta kulle ƙofa a kan 'ya'yanta mata biyar, ta ce za a yi zaman makoki na shekara takwas. Mu da muka san takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma a kan matar mamaci kaɗai, za mu iya auna nauyin wannan hukunci a kan budurwa mai shekara 20. Bangon gidan fari ne, tufafin matan baƙaƙe ne, sai rigar ƙaramarsu Adela guda ɗaya koriya wadda ba ta da inda za ta sa ta sai gaban kajin gidan. Namijin da duk rikicin yake kansa ba ya fitowa ko sau ɗaya, sai dai a ji labarinsa a bakin taga. Wannan idon wanda ya zauna a duhun silima ne ya koyi abin da baƙi da fari suke iya yi, ya kuma koyi cewa abin da aka bari a wajen hoto yakan fi na ciki ƙarfi. Asalin labarin kuwa kunne ne ya kawo shi: a ƙauyen Asquerosa, wanda yanzu ake kira Valderrubio, gidan danginsa yana raba rijiya da gidan wata mata mai suna Frasquita Alba, kuma ta wannan rijiya ake jin abin da ake faɗa a ɗaya gefen katanga. Kalmar farko da Bernarda take furtawa a wasan da kalmarta ta ƙarshe duk ɗaya ce, umarni ne a yi shiru.

Bai ga wasan a dandamali ba. Sai a 1945 Margarita Xirgu ta nuna shi a Buenos Aires, tana gudun hijira. Silimar da ba ta same shi da rai ba ta yi ta ɗibar kayansa bayan mutuwarsa: an yi Bodas de sangre a Ajantina a 1938, Souheil Ben Barka ya yi nasa a Maroko a 1977, Mario Camus ya yi Bernarda Alba a 1987, Govind Nihalani kuma ya mayar da gidan Bernarda Indiya a 1991. Har gidan gonar da ainihin amaryar Níjar ta zauna, Cortijo del Fraile, ya shiga finafinan kaboyi na Sergio Leone, ta yadda da yawa daga cikinmu mun ga bangonsa ba mu san abin da ya faru a wurin ba. A cikin waɗanda na kalla, wanda ya fi kama ni shi ne Bodas de sangre na Carlos Saura na 1981, kuma abin ban mamaki shi ne ya ajiye kusan dukan kalmomin Lorca. Ya sa Antonio Gades da 'yan rawarsa a wani ɗakin gwaji marar ado, suka ba da labarin da ƙafa da kafaɗa da wuƙa.

Lorca ya bar Madrid ya iso lambun nan na Huerta de San Vicente a tsakiyar Yuli 1936, kwanaki kaɗan kafin sojoji su yi tawaye. Granada ta faɗa hannunsu da wuri. Da aka fara zuwa gidan ana bincike da barazana, ya nemi mafaka a gidan iyalin abokinsa Luis Rosales, waɗanda suke da ƙafa a ɓangaren masu tawayen, amma ranar 16 ga Agusta aka zo aka tafi da shi, a ranar da aka harbe mijin ƙanwarsa Manuel Fernández Montesinos, magajin garin Granada. Bayan kwana biyu ko uku aka harbe shi a kan hanyar da ke tsakanin Víznar da Alfacar, tare da wani malamin makaranta da mutum biyu masu wasa da bijimi. Wani rahoton 'yan sanda na 1965, wanda ya fito fili a 2015, ya kira shi ɗan gurguzu kuma ya zarge shi da neman maza, masu tarihi kuma suna ƙarawa da tsohuwar gaba tsakanin manyan iyalan Vega. An haƙa wurin a 2009 da kuma bayan nan, ba a sami gawarsa ba. Kusa da wurin akwai wani marmaro da Larabawan Andalus suka sa wa suna Ainadamar, Idon Hawaye, wanda ruwansa ya yi ƙarnoni yana gangarawa unguwar Albaicín ta Granada tun zamaninsu. Shi kansa bai ɗauki wannan gado a matsayin na wasu ba: littafinsa Diván del Tamarit, wanda ya fito a 1940, ya kasa shi zuwa gacelas 12 da casidas 9, wato gazal da ƙasida, kalmar da malamanmu suke amfani da ita har gobe.

Waɗanda suka san shi sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya. Buñuel, wanda bai taɓa ɓoye cewa wasannin abokinsa ba su burge shi ba, ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa gwanintar aikin ita ce mutumin da kansa. Mawaƙi Jorge Guillén kuwa cewa ya yi idan Federico yana wuri ba a sanyi ba a zafi, ana Federico ne. Da na dawo gida na je gaida tsohon malamin da ya koya mana rubutacciyar waƙa, wanda ba ya yarda ɗalibi ya yi sharhin baiti sai ya tashi tsaye ya rera shi. Na kwashe labarin tafiyar na ba shi, da tebur da fosta da baƙin mayafi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, ɗana, shi yaya yake karanta waƙar tasa? Yana ja ne, ko yana sara?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba a ɗauki muryarsa ba." Ya yi shiru ɗan lokaci, ya ce in miƙo masa butarsa.

Akwai abu ɗaya da ya rage wanda kunne zai iya kamawa. A 1931 shi da La Argentinita, wadda ta yi rawar malam-buɗe-littafi a daren da aka yi musu ihu, sun shiga ɗakin ɗaukar sauti suka yi tsofaffin waƙoƙin gargajiya 10 waɗanda shi ya tattaro ya daidaita musu kiɗa, aka buga su a fayafayan garmaho 5. Ita take rerawa, shi yake kaɗa piyano. Kamfanin da ya buga su shi ne La Voz de su Amo, Muryar Maigidansa, mai tambarin karen nan da ya kafa kunne a bakin ƙahon garmaho, wanda dattawanmu da suka yi zamani da garmaho suka sani. Waƙoƙin suna nan a intanet, kuma a daren da na dawo daga wurin Malam na sa abin ji a kunne na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ƙara sauti a duk inda ta tsaya shan numfashi, ko zan tsinci tari ko gyaran murya daga wajen mai piyano. Na ji muryarta siririya, na ji 'yan katakon da take kaɗawa a tafin hannu, na ji dugaduganta a kan daɓe da shacin allura a kan faifai. A ƙarƙashin duka akwai yatsunsa, suna da sauri, suna ɗan riga ta shiga baiti.